Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Likitoci da Jami'an Lafiya Masu Ba Matafiya Shawara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da jinjina kan ɗawainiyar da kuke yi da jama'a dare da rana, na rubuto ne kan wani giɓi da ke cikin shawarar da ake ba matafiya. Wanda zai tafi ƙasar da sauro ya yi yawa yakan samu bayani gwargwado. Ana duba katinsa na rigakafin cutar shawara, a rubuta masa maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a ce ya riƙa kwana cikin gidan sauro, ya shafa man korar sauro. Duk wannan daidai ne. Sai dai shawarar takan tsaya ranar da jirginsa ya sauka gida. Abin da zai iya faruwa a ɗakin aurensa makonni bayan ya dawo garau, da wuya a samu wanda zai buɗa baki ya gaya masa. Matar da ya bari a gida kuwa, wadda ba ta taka ko'ina ba, tun farko ba a lissafa da ita ba.

Maganata a kan cutar Zika ce, da 'yan uwanta da sauro ke yaɗawa amma suke iya maƙalewa a maniyyi.

Kun fi ni sanin tarihin, amma ku yi haƙuri in bi shi a taƙaice, domin a cikinsa hujjata take. An fara gano ƙwayar cutar a 1947 a jikin wani biri a dajin Zika na ƙasar Yuganda, kuma an shafe kusan shekara sittin ana ɗaukarta ciwo mai sauƙi wanda bai cancanci a tada hankali a kansa ba. A 2008 wani masanin sauro na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka, Brian Foy, ya koma gida daga aikin bincike a kudu maso gabashin Sanagal. 'Yan kwanaki bayan isarsa sai ciwo ya kama shi: ƙuraje, ciwon gaɓoɓi, kasala, har da jini a maniyyi. Ba a jima ba matarsa ta kwanta da irin wannan ciwon, alhali ba ta je Afirka ba, kuma irin sauron da ke yaɗa cutar ba ya rayuwa a arewacin Kolorado. 'Ya'yansu huɗu da ke gida ɗaya da su babu wanda ya kamu. Gwaje-gwajen farko ba su warware matsalar ba. Sai bayan kusan shekara guda aka sake gwada jinin da aka adana, aka tarar Zika ce, aka wallafa rahoton a 2011. Kaɗan ne suka kula da shi a lokacin. A Disambar 2013, yayin annobar tsibiran Faransa na tekun Fasifik, aka ciro ƙwayar mai rai daga maniyyin wani mutum a Tahiti. Wannan ma ya wuce ba tare da ya canza shawarar da ake ba matafiya ba.

Sai da jarirai masu ƙanƙancewar kai suka fara yawaita a arewa maso gabashin Birazil a 2015 duniya ta farga. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin. Washegari jami'an lafiya a Dallas ta jihar Tekzas a Amurka suka sanar cewa wani ya kamu ta hanyar saduwa da wanda ya dawo daga Benezuwela. Daga nan rahotanni suka riƙa shigowa daga Faransa, Italiya, Sifaniya da wasu ƙasashen da babu annobar a cikinsu. An samu daga namiji zuwa mace, wanda shi ne mafi yawa, an samu daga namiji zuwa namiji, sannan a Yulin 2016 birnin New York ya ba da rahoton na farko daga mace zuwa namiji. A jihohin Amurka kawai, cikin mutum sama da 5,000 da aka tabbatar sun kamu a 2016, fiye da 40 ta hanyar saduwa suka same ta. Adadin ba shi da yawa idan aka gwada shi da na cizon sauro, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Amma waɗannan su ne waɗanda suka nuna alamun ciwo har aka gwada su, a ƙasar da ke da kayan gwajin. Kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu da Zika ba sa jin komai a jikinsu.

Wannan rashin alamar shi ya fi damuna. A 2016 a jihar Maryland wata mata ta kamu daga mutumin da ya dawo daga Jamhuriyar Dominika, shi kuwa bai yi zazzaɓi ba, bai fito da ƙuraje ba, idonsa bai yi ja ba. A Faransa an samu matar da ta kamu fiye da wata guda bayan mijinta ya yi ciwon ya warke. A Sifaniya an samu daga mutumin da aka yi wa aikin toshe hanyar ƙwayoyin haihuwa. Don haka tambayar da aka saba yi wa matafiyi, wato ko ya yi rashin lafiya a can, ba ta isa ta tace masu haɗari ba. Mutum zai amsa da gaskiyarsa cewa lafiyarsa ƙalau, kuma yana ɗauke da ita.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci jikin namiji. 'Ya'yan maraina suna da wani shinge da ke hana garkuwar jiki kutsawa ciki yadda take yi a sauran sassa, domin kada ta afka wa ƙwayoyin haihuwa ta ɗauke su baƙi. Ƙwayar cutar da ta samu ta tsallaka wannan shingen ta samu mafaka. A jini Zika takan ɓace cikin mako ɗaya ko biyu, amma a maniyyi tana daɗewa. Likitoci a Tuluz ta Faransa sun auna wani mara lafiya makonni biyu bayan ciwon ya fara, suka tarar yawan ƙwayar a maniyyinsa ya ninka na jininsa kusan sau 100,000. Wani binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, da aka wallafa a 2018 ya bi maza fiye da 180, ya samu ɓurɓushin ƙwayar a maniyyin mutum ɗaya har kwana 281. Sai dai a nan akwai bambancin da ya kamata a riƙa faɗa wa jama'a: ganin ɓurɓushi a gwajin PCR, mai gano ƙwayar ko da ta mutu, daban, samun ƙwaya mai rai da za ta iya kama wani daban. A wannan binciken, ƙwaya mai rai sai a samfuran da aka ɗauka cikin kwana 30 na farko aka same ta. Irin wannan sakamakon ne ya sa aka rage wa'adin taka-tsantsan daga wata shida da aka fara da shi a 2016.

Wa'adin da ake kai a yanzu, a shawarar CDC tun 2018 da ta Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2020, mai sauƙin riƙewa ne. Namijin da ya dawo daga inda Zika ke yaɗuwa ya yi amfani da kwaroron roba ko ya ƙaurace wa saduwa na wata uku. Mace wata biyu. Idan tare suka yi tafiyar, wata uku. Ana fara ƙirgawa daga ranar dawowa, ko ranar da alamun ciwo suka fara. Masu neman haihuwa su jinkirta har wa'adin ya cika. Idan kuma matar tana da juna biyu, to har sai ta haihu. Faɗin wannan ba zai ci minti ɗaya ba a ɗakin duba marasa lafiya. Abin da nake roƙo ke nan, a faɗa, kuma a faɗa kafin tafiya, lokacin da mutum yake zaune a gabanku yana sauraro. Bayan ya dawo lafiya ba zai sake neman ku ba.

Na san abin da ke hanawa. Akwai kunya, kuma ban raina ta ba. Ma'aikaciyar jinya matashiya ba za ta ji daɗin kallon dattijo sa'an mahaifinta ta yi masa zancen shimfiɗarsa ba. Shi ma likita namiji yakan ga kamar ya shiga hurumin da ba nasa ba. Amma ku ne kuke tambayar mutane launin fitsarinsu da ranar da suka ga jinin al'ada na ƙarshe, kuma suna amsawa, domin sun san wurin da suke. Idan baki ya yi nauyi, takarda ba ta jin kunya. A buga bayanin cikin harshen da matafiyin yake karantawa, a sa shi cikin katin rigakafinsa, a ce masa ya karanta tare da iyalinsa. Wanda ba ya karatu a samu namiji ɗan uwansa cikin ma'aikata ya ja shi gefe.

Akwai abin da ya fi kunya haɗari, shi ne zargi. Da zarar an ce cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, tunanin mutane yakan tafi wuri ɗaya. Matar da aka gaya wa cewa daga mijinta ta samu, abin da zai fara zuwa ranta shi ne me ya aikata a can. Mijin da aka ce ya sa kwaroron roba a gidansa zai ji kamar an tuhume shi da neman mata, sai ya fusata ya ƙi. Wani kuma zai juya zargin kan matar, ya ce shi lafiyarsa lau, ita ta san inda ta kwaso. Kalma ɗaya daga bakinku tana iya kashe wannan wutar tun ba ta tashi ba: sauro ne ya cije shi. Mutumin da ya kame kansa tsawon tafiyarsa, bai kusanci kowa ba, yana iya dawowa da ita, saboda ya zauna a inuwa da hantsi wani sauro mai ratsin fari a ƙafa ya sauka a hannunsa. Ku fara da wannan kafin ku ambaci kwaroron roba. In aka fara da shi, sauran bayanin zai shiga. In aka bar shi, ana iya ceton ɗan tayi a rasa auren.

Sannan ku dubi wanda ake ɗora wa nauyin. Yawancin saƙonnin Zika mata masu ciki ake nufa da su, kuma akwai dalili, tunda ɗan cikinsu ne ke cikin haɗari. Amma mace da yawa ba ta da ikon da za ta ce wa mijin da ya yi watanni ba ya nan ya dakata, ko ya sa kariya. Idan ita kaɗai aka gaya wa a wurin awon ciki, an ba ta kaya ne da ba za ta iya ɗauka ba, kuma idan abin ya faru ita za ta zauna da cizon yatsa. Mai ɗauke da ƙwayar shi ya kamata ya ji maganar daga bakin likita kai tsaye. Inda zai yiwu, a kira su su biyu. Kuma kada a yi kamar wata uku ba komai ba ne. Ga ma'auratan da suka shekara da shekaru suna neman haihuwa, ga ma'aikacin jirgin ruwa ko sojan kiyaye zaman lafiya da hutunsa gaba ɗaya bai kai wata uku ba, wannan babban abu ne ake nema a wurinsu. Sun cancanci a gaya musu abin da ke ɗaya gefen ma'aunin, su yanke hukunci da idonsu a buɗe.

Abin da ke ɗaya gefen kuwa kun gan shi, ko a hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na jariran da uwayensu suka kamu lokacin goyon ciki suna fitowa da wata illa. Ƙanƙancewar kai ita aka fi sani, amma akwai lalacewar ido, rashin ji, sandarewar gaɓoɓi, farfaɗiya, wahalar haɗiya, ga ɓari da haihuwa kafin lokaci. Wasu jariran ana haifarsu da kai daidai, sai daga baya matsalar ta bayyana. Uwar ma ba lallai ta ji ciwo ba kafin cutar ta isa ga ɗan. Yaran Birazil na 2015 da 2016 suna nan, da yawansu ba sa tafiya ba sa magana, iyayensu mata na ɗauke da su. Har yau babu allurar rigakafin Zika da aka amince da ita, babu kuma maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da ke hannunmu shi ne bayani a kan lokaci.

Ga ungozomomi da masu awon ciki ina da roƙo na musamman. Kuna tambayar mai ciki ko ta yi tafiya. Ku ƙara tambaya ɗaya a takardar: maigidan fa, ya yi tafiya cikin watannin nan, kuma ina ya je? Haka ma a ɗakin duba masu zazzaɓi. Macen da ta zo da ƙuraje da jan ido da ciwon gaɓoɓi, ta ce ba ta je ko'ina ba, kada a rufe babin Zika sai an ji labarin mijinta. Matafiyin da ya dawo da zazzaɓi kuwa, kun sani, zazzaɓin cizon sauro ake fara nema domin shi ke kisa da sauri, kuma ba a ba shi asfirin ko ibuprofen sai an tabbatar ba denge ba ce, wato wani zazzaɓin da shi ma sauro ke yaɗawa. Amma idan an gama da wannan, kada a sallame shi ba a yi masa zancen gida ba. A ƙara masa da cewa ya kare kansa daga cizon sauro na mako uku bayan dawowa, domin kada sauron unguwarsu ya ɗauka daga jininsa ya kai wa maƙwabta.

Wasu matafiyan za su ce a gwada su kawai a huta. Kada ku bari gwaji ya zama takardar wanke kai. Jini yana iya fitowa babu komai alhali ƙwayar tana maniyyi. Gwajin garkuwar jiki yana rikita Zika da denge, da ma rigakafin shawara da mutum ya taɓa yi, saboda dangi ɗaya ne. Maniyyin kansa ba kullum yake fitar da ƙwayar ba, yau a gani gobe a rasa, shi ya sa CDC ba ta yarda a yi amfani da gwajinsa wajen yanke cewa mutum ya kuɓuta ba. Cika wa'adin ya fi gwajin tabbas, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Za a ce ai Zika ta wuce. An ɗage dokar ta-ɓacin a Nuwamban 2016, kuma tun 2017 adadin masu kamuwa ya ragu sosai. Amma ƙwayar ba ta tafi ko'ina ba. Ƙasashe da yankuna sama da 90 ne aka tabbatar sauro ya taɓa yaɗa ta a cikinsu. Indiya ta ga ɓarkewarta a Rajasthan a 2018, a Kerala a 2021, a Pune a 2024. Tailan tana ba da rahotonta shekara bayan shekara. Angola ta samu jarirai masu ƙanƙancewar kai a 2017. A 2019 an samu waɗanda sauro ya sa wa ita a kudancin Faransa ba tare da sun fita ƙasar ba. A wurare da dama kuma rashin rahoto yana nufin rashin gwaji ne kawai. Yaran da aka haifa bayan annobar suna girma ba su da garkuwa, ma'aikatan lafiyar da suka fara aiki bayan 2017 kuma da yawa ba su taɓa jin wa'adin wata uku a aji ba. Ya kamata hukumomi su mayar da shi cikin horon sababbin ma'aikata, su kuma riƙa sabunta jerin ƙasashen da cutar ke yawo a cikinsu, a ajiye shi inda mai ba da shawara zai gani ba sai ya yi bincike ba.

Sauran cututtukan ba sa buƙatar a tada hankali iri ɗaya, kuma ina roƙon kada a haɗa su a kwando ɗaya a tsorata mutane. Denge ta kama sama da mutum miliyan 14 a 2024 bisa rahotannin da suka isa Hukumar Lafiya ta Duniya, amma waɗanda ake jin sun same ta ta saduwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: ɗaya a Koriya ta Kudu daga matar da ta dawo daga Indunusiya, ɗaya a Madrid a 2019 daga mutumin da ya dawo daga Kyuba. An ga ɓurɓushin zazzaɓin cikungunya da na cutar shawara a maniyyi, ba a tabbatar sun kama wani ta nan ba. Wadda ta cancanci a sa mata ido ita ce Oropouche, wadda ƙananan ƙudaje masu cizo suka fi yaɗawa, wasu sauraye ma suna ɗauka. A 2024 likitoci a Italiya sun samu ƙwayarta mai rai a maniyyin wani da ya dawo daga Kyuba, kwana 16 bayan ciwonsa ya fara, a shekarar da Birazil ke binciken mutuwar 'yan tayi da ake alaƙantawa da ita. CDC ba ta jira a samu wanda ya kamu ta saduwa ba, ta shawarci mazan da aka tabbatar suna da ita su yi amfani da kwaroron roba ko su ƙaurace na mako shida. Wannan matakin ya yi daidai a ganina. Tsakanin ciwon Kolorado na 2008 da shawarar farko da aka ba matafiya a 2016 shekara takwas ne, kuma bai kamata a sake irin wannan jiran ba.

Kamfanoni da hukumomin da ke tura ma'aikata ƙasashen waje, da jami'o'in da ke tura ɗalibai, da masu shirya tafiye-tafiyen rukuni, duk daga wurinku suke karɓar abin da za su gaya wa mutanensu. Idan kun sa wa'adin a takardar da kuke ba su, zai kai ga dubban mutanen da ba za su taɓa zama a gabanku ba. Ku rubuta shi da kalmomin da ba sa buƙatar fassara: wata uku ga namiji, wata biyu ga mace, har haihuwa idan akwai ciki, ko da mutum bai ji ciwo ba. A ƙarƙashinsa a sa lambar asibitin da mai ciki za ta kira idan mijinta ya riga ya dawo kafin su ga takardar, domin a fara bibiyar cikin da hoto tun da wuri.

Allah ya ƙara muku lafiya da juriya a kan aikinku.

Wassalamu alaikum.